Ana Kukan Targaɗe Sai Ga Karaya: Tarihin Damfarar "Diyya"

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari su saurara, da kuma waɗanda suka fi jin daɗin karantawa.

Zan fara da labarin wani abokina da muka yi jami'a tare. Ba zan kama suna ba, kuma sai da na nemi izininsa. Bayan mun gama bautar ƙasa ya tattara ɗan abin da ya tara, ya haɗa da kuɗin adashin yayarsa, ya zuba a wata manhaja da ake cewa tana ninka kuɗi. Wata safiya ya tashi manhaja ta ƙi buɗewa. Shi ke nan, kuɗi sun bi ruwa. Bayan kamar wata uku sai ga saƙo ta imel, da tambari, da sa hannu, da cikakken sunansa, har da adadin kuɗin da ya yi asara. Wai an kama waɗanda suka cuce shi, an ƙwato dukiyar, sunansa yana cikin waɗanda za a biya diyya. Abin da ya rage kawai ya tura naira dubu arba'in kuɗin tantancewa. Ya ranto ya tura. Bayan kwana biyu aka ce akwai kuɗin haraji, ya sake rantowa. Sai a karo na uku ya kira ni.

Na ce masa, haba malam, kai da ka yi karatu? Amsar da ya ba ni ita ta sa na zauna na haɗa wannan shirin. Cewa ya yi: "Wallahi zuciyata ta yi min wasi-wasi. Amma tun da abin nan ya faru kowa cewa yake na yi wauta. Su kaɗai ne suka ce min an zalunce ni."

Hausawa suna cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. To tarihin damfara ya nuna karin maganar nan ba kullum take ci ba. A wajen ɗan damfara, babu wanda ya kai wanda aka taɓa sara daraja. Yau za mu bi sawun wannan sana'a, mu ga inda ta faro, yadda ta shigo Najeriya, da yadda ta kai ga matakin da ake sayar wa wanda aka cuta alƙawarin adalci.

Mu fara da uwar, wato damfarar kafin alƙalami. Tsarinta ɗaya ne tun fil azal: akwai wata babbar dukiya a wani wuri, kana da rabo a ciki, amma sai ka fara biyan wani ɗan abu kafin ta iso hannunka. Mutane da yawa sun ɗauka 'yan Najeriya ne suka ƙirƙiro ta. Ba haka ba ne.

Bayan juyin juya halin Faransa na 1789, lokacin da masu sarauta da attajirai suke ta gudu suna barin dukiyoyinsu, fursunoni a gidajen yarin ƙasar sun riƙa rubuta wasiƙu zuwa ga masu hali. Mai wasiƙar zai ce shi baran wani basarake ne, sun ɓoye akwatin zinare da lu'ulu'u a kusa da garinku lokacin da suke gudun ceton rai, yanzu an kama shi, in ka aiko da ɗan kuɗi zai faɗa maka inda akwatin yake. Ana kiran su wasiƙun Kudus. Wani Bafaranshe mai suna Vidocq, tsohon ɗan fursuna da ya koma shugaban 'yan sandan ciki a birnin Paris, shi ya bayyana yadda ake yin su a rubuce-rubucensa.

A ƙarni na 19 sai abin ya canza riga ya koma abin da ake kira damfarar fursunan Sifaniya. Wani attajiri ne wai yake tsare a kurkukun Sifaniya, yana da dukiya a ɓoye, wani lokaci har da 'yarsa kyakkyawa da ke buƙatar mariƙi. A shekarar 1898 jaridar New York Times ta buga labari a kai, kuma tun a lokacin tana kiran abin tsohuwar damfara da ta farfaɗo. Kun ji fa, a 1898 ma tsohuwa ce.

To ina Najeriya ta shigo? Da farko mu warware lambar nan ta 419 da kowa ke faɗa. Lambar sashe ce a kundin dokar manyan laifuka da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1916, sashen da ya yi magana a kan karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara. Wani abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, tun 1960 Arewa ta koma amfani da nata kundin, wato Final Kod, inda laifin zamba yake a sashe na 320. Amma sunan 419 ya riga ya bi bakin jama'a daga Legas har Sakkwato.

Sana'ar ta yi ƙarfi ne a shekarun 1980. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar naira ta zube, masana'antu suka yi ta rage ma'aikata, matasa masu digiri suka cika gari ba aikin yi. A ɗaya ɓangaren kuma duniya ta riga ta ji labarin yadda ake wawure kuɗin mai a Najeriya. Wannan shi ya ba ƙaryar ƙafar tsayawa. Wasiƙa za ta isa ofishin wani ɗan kasuwa a Jamus ko Amurka, ta gidan waya ko ta na'urar faks, daga wani da ya ce shi babban jami'i ne a kamfanin mai na ƙasa ko Babban Banki. An zuzuta kuɗin wata kwangila, rarar miliyoyin daloli tana nan a ajiye, ana neman asusun waje da za a zuba ta, kai kuma ka ɗauki kasonka. Ku lura da wannan, domin zai yi mana amfani a gaba: wasiƙar farko gayyata ce zuwa sata. Wanda ya amsa ya san haram aka kira shi ya ci. Shi ya sa in aka wanke shi, kunya ba ta barinsa ya je wajen 'yan sanda.

Abin ya kai Babban Bankin Najeriya yana sayen shafi a jaridun ƙasashen waje yana gargaɗin mutane. A 1995 gwamnatin Janar Abacha ta kafa doka ta musamman a kan damfarar kafin alƙalami. Bayan rasuwarsa a watan Yunin 1998, da labarin kuɗaɗen da aka kai bankunan Suwizalan ya cika duniya, sai 'yan damfara suka ari sunan iyalansa suna rubuta wasiƙu da shi, kamar yadda suka ari na iyalan Mobutu na Zayar. Dama haka suke, duk labarin da ke kan jarida shi ne jarinsu.

Babbar damfarar wancan zamani ita ce ta Emmanuel Nwude, tsohon darakta a bankin Union. Tsakanin 1995 da 1998 shi da abokansa suka yaudari wani babban jami'in bankin Noroeste na ƙasar Brazil mai suna Nelson Sakaguchi. Nwude ya fito a matsayin gwamnan Babban Banki na lokacin, Paul Ogwuma, aka sayar wa mutumin da labarin kwangilar gina filin jirgin sama a Abuja, kwangilar da babu ita. Dala miliyan 242 suka salwanta. Asiri bai tonu ba sai da bankin Santander na Sifaniya ya zo sayen bankin aka buɗe littattafai.

Ana cikin haka intanet ta iso. Shagunan kafe suka cika birane, akwatin imel na Yahoo kyauta ne, daga nan ma sunan 'yan yahoo ya samo asali. Wasiƙar da a da sai ka sayi kan sarki ka aika wa mutum ɗaya, yanzu cikin dare ɗaya za ka aika wa dubbai ba ka kashe komai ba sai kuɗin zama a kafe. Sunan ƙasa ya ɓaci. A 2001 ƙungiyar FATF mai sa ido kan safarar kuɗin haram ta saka Najeriya a jerin ƙasashen da ba sa ba da haɗin kai. Wannan matsin lamba yana cikin abin da ya haifar da hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003 ƙarƙashin Malam Nuhu Ribadu. A 2005 kotu a Legas ta ɗaure Nwude, aka kuma ƙwace kadarori domin a mayar wa masu bankin haƙƙinsu. A 2006 aka cire Najeriya daga wancan jerin.

Kafin mu wuce, akwai wani abu da ya faru a watan Fabrairun 2003 da nake so ku riƙe. A birnin Prague na ƙasar Czech, wani dattijo ɗan fansho mai shekara 72, wanda 'yan 419 suka cinye masa dukiya, ya yi ta zarya ofishin jakadancin Najeriya yana neman a dawo masa da kuɗinsa. Ranar da ya fid da rai, ya zaro bindiga ya harbe ƙaramin jakadanmu har lahira. Bawan Allah da bai ci nanin ba, nanin ta ci shi. Na kawo wannan ne domin ku ga irin wutar da ke cin zuciyar wanda aka damfara. Ba ya barci. Yana neman wanda zai saurare shi, yana neman ƙofar da zai ƙwanƙwasa. 'Yan damfara sun ga wannan wutar sarai, sai suka ce ai ga kasuwa.

A nan ne 'yar ta fito daga cikin uwar. Bayan shekara ashirin ana aika wasiƙun 419, duniya ta cika da mutanen da aka riga aka wanke. Mutane kuma sun fara wayewa, labarin kwangilar mai da na matar marigayi shugaba sun fara tsufa. Sai aka juya wasiƙar. Maimakon a ce zo mu ci haram tare, sai aka ce: mun san an cuce ka, mu hukuma ce, mun zo mu share maka hawaye.

Ita ma wannan dabarar ba a Legas aka fara ta ba. A Amurka, masu damfara ta wayar tarho sun daɗe suna yi wa tsofaffi haka. Kamfani ɗaya zai cuce ka, bayan 'yan watanni wani ya bugo ya ce zai ƙwato maka kuɗinka in ka biya ladan aiki, alhali duk tafiyar ɗaya ce. Abin ya yi yawan da a 1995 hukumar kare masu sayayya ta ƙasar, FTC, ta kafa ƙa'idar da ta haramta wa irin waɗannan masu bugo waya karɓar ko sisi, sai bayan kwana bakwai na aiki da damƙa wa mutum kuɗin da aka ƙwato masa. Abin da imel ya yi shi ne ya ɗauki wannan dabara ya watsa ta duniya.

Yanzu ku dubi rigunan da suka ara. Akwai wata hukuma ta gaskiya a Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa a 1991 a birnin Geneva domin biyan diyya. Amma diyyar me? Ta waɗanda suka yi asara sanadiyyar mamayar da Iraƙi ta yi wa Kuwait a 1990. Daga kuɗin man Iraƙi aka riƙa cira ana biya, har aka biya dala biliyan 52.4, aka kammala a 2022. Ba ta da wata alaƙa da waɗanda aka damfara ta intanet. Amma tunda sunanta yana ɗauke da kalmar diyya, kuma in ka bincika za ka ga da gaske akwai ta, sai ta zama babbar rigar aro. Aka riƙa aika wasiƙu da sunan Ban Ki-moon lokacin yana Sakatare Janar, da sunan Robert Mueller lokacin yana shugaban FBI, da sunan Christine Lagarde lokacin tana shugabar Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A gida kuma aka ari sunan gwamnonin Babban Banki, daga Charles Soludo zuwa Sanusi Lamiɗo Sanusi, aka ari na shugabannin EFCC ɗin kanta. Da an canza mai riƙe da kujera, su ma sai su canza sunan da ke ƙasan wasiƙar.

Kun ga abin takaicin? Duk wani yunƙuri na gaskiya da aka yi domin yaƙar damfara, sai ya zama sabon kaya a shagonsu. An kafa EFCC, sun samu sabon tambari. An ƙwato kuɗin bankin Brazil, sun samu hujjar cewa ai ana mayar wa mutane kuɗinsu. Suwizalan ta dawo wa Najeriya da kuɗin Abacha, sun samu labarin da za su jingina da shi. Mutum zai karanta a jarida cewa an ƙwato miliyoyi, gobe ya ga imel yana cewa yana da kaso. Ƙaryar da ta jingina da gaskiya ta fi wuyar kayarwa.

Wasiƙar kanta tana zuwa da fuska iri-iri, amma uku sun fi yawa. Ta farko ita ce ta hukuma: an yi taro tsakanin Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnati, an amince a biya waɗanda aka damfara, an samu adireshinka a kwamfutar wani da aka kama, an loda kuɗinka a katin ATM, kai dai ka biya kuɗin kamfanin da zai kawo maka katin. Ta biyu ta fi wayo. Wata ce za ta rubuto ta ce ita ma an taɓa cutarta, ta sha wahala, har ta yi tattaki zuwa Najeriya ta haɗu da wani lauya mai tsoron Allah da ya karɓo mata diyyarta, kuma ta ga sunanka a jerin waɗanda ba a biya ba, ga lambarsa. Ta uku ita ce ta mai tuba: wai yana cikin waɗanda suka cuce ka, yanzu ya shiryu, ya bar maka cek a hannun sakatarensa.

Kusan dukkansu akwai jimla ɗaya da ba ta ɓacewa: ka daina hulɗa da waɗancan mutanen, 'yan damfara ne. Wato ɓarawo yana yi maka gargaɗi a kan ɓarayi. Wannan jimlar aiki biyu take yi. Tana sa ka ji cewa wannan na gefenka ne, sannan tana kore masa abokan hamayya, domin kada wani ya riga shi kwashe abin da ya rage a aljihunka. Sai kuma a ce ka riƙe sirri har kuɗin su shigo, saboda kada maƙiya su shiga tsakani. Manufar ita ce kada ka tambayi wanda zai farkar da kai.

Wani zai ce, to ya aka yi suka san sunan abokinka da adadin kuɗinsa? Amsar mai sauƙi ce. Ko dai waɗanda suka cuce shi da farko ne suka dawo da sabuwar riga, ko kuma sun sayar da sunansa. Akwai jerin sunayen waɗanda suka taɓa biya, da lambobinsu, da abin da aka ci a hannunsu, kuma haja ce da ake cinikinta tsakanin 'yan damfara. A 2012 wani mai bincike a kamfanin Microsoft, Cormac Herley, ya yi wani nazari da ya yi suna. Tambayarsa ita ce, me ya sa masu wannan wasiƙu suke ci gaba da ambaton Najeriya alhali kowa ya san labarin? Ya ce ai da gangan ne. Aika wasiƙa kyauta ne, amma zaman lallashin mutum yana cin lokaci. Don haka gara labarin ya zama mai wuyar yarda, masu wayo su watsar tun farko, wanda ya amsa shi ne wanda ya cancanci a ɓata lokaci a kansa. Wasiƙar rariya ce. To in haka ne, jerin waɗanda suka taɓa biya gari ne da aka riga aka tankaɗe. Ba sai an sake wahala ba.

Sannan ga halin da mutumin yake ciki. A karon farko kwaɗayi ne ya ja shi, ko neman mafita daga talauci. A karo na biyu kuwa bashi ne a wuyansa, ga kunyar iyali, ga gorin abokai. Abokina ba arziki yake nema ba a lokacin, so yake ya mayar wa yayarsa kuɗin adashinta kafin mijinta ya ji. Wanda ya yi asarar dubu ɗari biyar, in aka ce ya kawo dubu arba'in a dawo masa da su, lissafin da zuciyarsa za ta yi daban ne da na wanda yake kallo daga gefe. Kuma duk biyan da ya yi, sai tsayawa ta ƙara yi masa wuya, domin tsayawa tana nufin ya yarda an sake cin sa.

To shin ana biyan diyyar gaskiya kuwa? Ana biya, kuma sanin yadda take zuwa shi ne babban makami. A watan Janairun 2017 kamfanin aika kuɗi na Western Union ya amince a gaban hukumomin Amurka cewa ya yi sakaci wajen hana 'yan damfara amfani da shi, ya kuma miƙa dala miliyan 586. Aka ware kuɗin domin waɗanda aka cuta ta hanyarsa tsakanin 2004 da farkon 2017, har da waɗanda ba 'yan Amurka ba. Ya aka yi rabon? An sanar a fili, a shafukan gwamnati da kafafen labarai. Mutum ya cike takarda, ya nuna shaidar abin da ya tura, ya jira, wasu har shekaru. Abin da aka biya shi bai wuce abin da ya yi asara ba. Kuma ba a karɓi ko kwabo a hannun kowa ba. Hukumomin ma sai da suka yi ta gargaɗi cewa duk wanda ya nemi kuɗi da sunan wannan rabon ɗan damfara ne, domin tuni wasu suka fara aika wasiƙun bogi da sunan shirin.

Ku ajiye su gefe da gefe. Ta gaskiya a fili ake yin ta, ta ƙarya a ce ka riƙe sirri. Ta gaskiya tana da jinkiri, ta ƙarya a ce kwana uku ya rage a rufe. Ta gaskiya abin da ka rasa take mayar maka ko ƙasa da haka, ta ƙarya kai da ka rasa dala ɗari biyu a ce an ware maka miliyan biyu. Ta gaskiya ba ta neman kuɗinka. Mai hankali ya tambayi kansa: wanda yake riƙe min miliyoyi, me zai hana ya cire kuɗin aike a ciki ya turo min sauran?

Yanzu mu dawo gida. Shekara da shekaru muna kallon 419 a matsayin abin da ake yi wa Turawa, har wasu matasa suna yi masa kirari, wai ramuwar mulkin mallaka ce. To reshe ya juye da mujiya. A watan Disambar 2016 shirin MMM, wanda ya yi alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ya rufe asusun jama'a. Hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ce 'yan Najeriya kusan miliyan uku ne suka yi asarar kimanin naira biliyan 18. A watan Afrilun 2025 manhajar CBEX ta rufe da kuɗin mutane. Kuma me ya biyo baya? Sai aka ce duk mai son cire kuɗinsa ya sake zuba dala 100 ko 200, gwargwadon abin da ke asusunsa, wai kuɗin tantancewa. Wasiƙar fursunan Faransa ce sak, ta shekara ɗari biyu da ɗoriya, ta shigo wayarka.

Yau ba lallai ta zo ta imel ba. Tana zuwa ta WhatsApp, ta Telegram, ta ƙarƙashin rubutun da ka yi a Facebook kana kukan an cuce ka. Minti kaɗan sai ka ga wani ya rubuto cewa shi ma haka ta faru da shi, amma wani gwanin kwamfuta ya dawo masa da kuɗinsa na kirifto, ga lambarsa. Ku tuna matar nan da ta ce ta je Najeriya ta haɗu da lauya mai tsoron Allah. Ita ce dai, ta canza ɗankwali. Wani lokaci kuma da Hausa tsantsa za a yi maka magana, da sallama, da insha Allahu, da rantsuwa. Jin harshenka a bakin mutum ba shaidar amana ba ce.

Saboda haka ga roƙona. In an taɓa damfarar ka, ka sa a ranka cewa sunanka yana hannunsu kuma za su dawo. Duk wanda ya neme ka da kansa ya ce zai dawo maka da kuɗi, ka ɗauke shi a matsayin na biyu a layi. Kada ka biya komai, ko an kira shi haraji, ko kuɗin tantancewa, ko kuɗin lauya. Kada ka ba da lambar BVN, ko lambar sirrin katinka, ko lambar da banki ya turo maka ta waya. In kana da ƙorafi, ka fara da bankinka cikin gaggawa, domin sa'o'in farko su ne ake da damar tare kuɗi, sannan ka taka da ƙafarka zuwa ofishin EFCC ko na 'yan sanda. Shigar da ƙorafi a EFCC ba a biyan kuɗi. Ka ajiye rasit da hotunan duk hirar da kuka yi. Zan faɗa muku gaskiya, sau da yawa kuɗin ba sa dawowa. Magana ce mai ɗaci, amma haƙurin asara ɗaya ya fi ɗaukar ta biyu.

Roƙo na biyu kuma gare mu ne, mu da ba a cuta ba, ko ba a kai ga cutarmu ba tukuna. Maganar abokina ta tsaya min a rai. Mu ne muka tura shi hannunsu da dariyarmu da gorinmu. Da a ce ranar da manhajar ta rufe ya samu mutum ɗaya a cikinmu da ya ce masa sannu, an zalunce ka, zo mu je mu kai ƙara, da ranar da imel ɗin ya shigo ni zai fara turo wa kafin ya je ranto kuɗi. In ƙaninka ko ƙawarki ko mahaifinka ya faɗa wannan rami, a bar faɗan zuwa wani lokaci. A fara da jaje, sannan a gaya masa cewa akwai wasu da za su zo da sunan taimako, in sun zo ya nuna maka.

Shi abokin nawa yana nan yana biyan yayarsa kaɗan-kaɗan duk wata. Ya ce in gaya muku har yanzu saƙon yana shigo masa, kuma na baya-bayan nan cewa aka yi an kama waɗanda suka yi masa damfarar diyya, za a biya shi diyya.

A nan za mu dakata. Wanda ya karanta ya tura wa wani, musamman wanda ka san ya taɓa yin asara ya yi shiru. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.